Batura uku suka mutu kafin a nemi dalili: nazarin canjin batir a wani gida a Damagaram

Koken da maigidan ya kawo gajere ne: batir ba ya riƙe wuta. In an ɗauke kuran bayan isha'i, kafin yara su yi barci inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ta fara kuka, fanka ta tsaya, gida ya yi duhu. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne bai daɗe da sayen batir ɗaya sabo ba, ya haɗa shi da tsohon, yana ganin ya rabu da matsalar, sai ga shi ba a cika wata uku ba an koma gidan jiya. Buƙatarsa a wurina ita ce in nuna masa wanda ya mutu cikin biyun, ya sayo wani a sa a gurbinsa.

Na ga ya dace in rubuta lamarin dalla-dalla domin irinsa ya yi yawa a garin nan, kuma hanyar da ake bi kusan ɗaya ce kullum. Batir ya mutu, a sayo wani, a ajiye shi a ɗakin da na farko ya mutu, da saitin da ya kashe shi, a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Batir ne abu mafi tsada a duk haɗin, shi ne kuma wanda aka fi barin sa ba bincike.

Gidan da abin da ke cikinsa

Gidan yana unguwar Sabon Gari, ginin siminti ne da rufin kwano, sai tsohon zaure na ƙasa a bakin ƙofa wanda ba a rushe ba. Maigidan ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye da sayarwa. Ya sa inbata ne a lokacin da jama'a da yawa suka sa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar a farkon Agusta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Yankinmu na Damagaram da Maraɗi, layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa ne ke ciyar da shi, mai ƙarfin bolt 132,000. Da aka rufe shi sai NIGELEC (kamfanin lantarki na ƙasa) ta koma rarraba abin da injinan cikin gida ke bayarwa unguwa-unguwa. Ba a maido da wutar ba sai a Maris 2024, bayan ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumi. A wannan tsakanin kasuwar batir da inbata ta buɗe sosai, masu sayarwa suka yi yawa, masu haɗawa ma haka, wasu sun san aikin, wasu a kan kayan mutane suka koya.

Abin da aka haɗa masa inbata ce mai ɗaukar wat 1,500, tana aiki da bolt 24, da batir biyu na jel, kowanne bolt 12 da 200Ah (amfiya-awa, ma'aunin girman batir), an jera su ɗaya bayan ɗaya. Babu allon sola, kuran ne kaɗai ke yi musu caji. A takarda wannan haɗi yana ajiye wat-awa 4,800. Amma batirin dalma irin wannan ba a shanye shi duka. In ana so ya yi ƙarko, rabi ake ɗiba a bar rabi, saura 2,400 ke nan. Inbata ma tana cin nata wajen juya wutar zuwa bolt 220, kamar kashi 15 cikin 100, don haka abin da ke isa ga kayan gida bai wuce 2,000 da ƴan kai ba.

Kayan da aka ɗora da farko sun dace da wannan lissafi. Ƙwan fitila shida masu wat 10, fankar sama uku masu wat 75, talabijin da dikoda wat 80, sai cajin wayoyi. Jimla wat 385, wato awa biyar da ɗan ɗoriya. A watannin farko haka aka samu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Da azumi ya matso, uwargida ta sayi firiza ta fara sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ruwan sanyi. Wanda ya san azumin bazara a Damagaram ya san wannan sana'a ba ta kwantai. Aka sa wani yaro ya ja waya daga soket ɗin falo zuwa firizar, soket ɗin kuwa yana kan layin inbata. Ba wanda ya sake zama ya yi lissafi.

Abin da awo ya nuna

Baturan suna cikin wani ɗan ɗakin ajiya a bayan kicin, ba taga, rufin kwano ba silin, an tura su ƙarƙashin wani katako an jibga buhunan gawayi a gefe. Da rana tsaka na shiga, ban iya tsayawa ciki da ƙofa rufe ba. Na ɗora ma'aunin zafi a jikin batir, ya nuna digiri 46.

Tsohon batirin jel ya ɗan kumbura ta gefe, in ka shafa da tafin hannu za ka ji cikin ya turo. Na biyun, wanda ake kira sabo, da na duba sai na ga batirin babbar mota ne, 150Ah. Akwai kuma na uku a bayan ɗaki, abokin tsohon, wanda aka cire kwanakin baya don kawai ya fi kumbura. An zaɓe shi da ido, ba a auna ba.

Na fara auna su a zaune, ba caji ba kaya. Tsohon ya nuna bolt 12.5, na motar 12.3. Maigidan yana tsaye a bayana, ya ce, "To Malam, ai ka ga tsohon ma ya fi lafiya." A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu masu gyara. Batir mai bolt 12 gida shida ne a cikinsa, kowane gida yana ba da kimanin 2.1, shi ya sa cikakke mai lafiya yake nuna 12.6 zuwa 12.8, a rabi kuma wajen 12.2. Amma wannan lamba ba ta faɗin yawan abin da batir zai iya ɗauka. Randar da laka ta cinye rabinta, in ka leƙa za ka ga ruwa har baki, sai ka fara ɗiba da moɗa sannan ka san abin da ke ciki. Saboda haka na sa aka kashe kuran daga mita, aka kunna duk abin da ake kunnawa da dare har da firiza, na bar na'urar awo a kan kowane batir.

Cikin minti ashirin tsohon ya faɗo zuwa 9.8, na motar yana 11.6. Jimlarsu 21.4, inbata ta fara kukanta, domin an saita ta ta yanke a bolt 21.

Awon da ya fi nuna ɓarnar shi ne na lokacin caji. Da aka maido da kuran, inbata ta kai jimlar zuwa 28.8, kuma a wurinta komai daidai ne, tun da jimla kaɗai take gani, tana ɗauka kowanne ya samu 14.4. A zahiri tsohon yana 15.3, na motar yana 13.5. Tsohon ya toshe daga ciki, wuta kaɗan ke shiga sai lambarsa ta yi sama, yana ta dahuwa yana ƙara kumbura. Sabon kuma bai taɓa cika ba tun ranar da aka ɗaura shi. Baturan da aka jera, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, don haka raunin ɗaya yana shafar ɗayan kai tsaye. Sabon batir da aka haɗa da tsoho ba ya tayar da tsohon, shi ne ke bin sa ƙasa.

Na kuma tarar da wayar da ta haɗa batir da inbata siririya ce, milimita murabba'i 10, kan batir ɗaya ya yi sako-sako, wani farin gari mai kore-kore ya taru a kai, in an taɓa da ɗumi. Fiyus kuwa babu ko ɗaya.

Abin da ya kashe su

Maigidan ya fi karkata ga cewa jabu aka sayar masa tun farko. Yana iya yiwuwa, jabun batir yana nan a kasuwa. Amma ko na ƙwarai ne, a wannan yanayi da wuya ya cika shekara biyu.

Zafi ne na farko. Shekarun da masu ƙera batir ke rubutawa a takarda, a digiri 25 suka auna su. Ƙa'idar da aka sani game da batirin dalma rufaffe ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsa biyu. A digiri 35 saura rabi, a 45 saura kashi ɗaya cikin huɗu. A Damagaram kuwa watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana haura 40, balle ɗaki rufaffe ƙarƙashin kwano, wanda ko da dare ba ya hucewa. Batirin jel ba shi da murfin da za a buɗe a ƙara masa ruwa. Duk danshin da zafi da yawan caji suka fitar ya tafi ke nan. Akwai kuma wani abu da ba a cika kula da shi ba: batir mai zafi yana buƙatar a rage masa ƙarfin caji, milibolt 3 zuwa 5 a kowane gida kan kowane digiri da ya haura 25. A digiri 40 ragin ya kai bolt 0.27 zuwa 0.45 a batir ɗaya. Wannan inbata ba ta da ma'aunin zafi, tana ta tura 14.4 kamar tana ƙasar sanyi.

Na biyu shi ne firiza. Tana cin kamar wat 150 in tana tafiya, wajen tashi kuma tana fizgar ninkin haka sau da yawa na ɗan lokaci. A zafin nan, da ruwa mai ɗumi da ake cika ta da shi kullum, injinta ba ya hutawa. Nauyi ya tashi daga 385 zuwa 535, awa biyar ta koma ƙasa da huɗu. Da yake ɗaukewar wuta ta kan wuce haka, sai ya zama kowane dare ana tatse baturan har inbata ta yanke da kanta a bolt 21, wato 10.5 kowanne. Wannan ita ce lambar batirin da ya ƙare ƙaf. An sa ta ne don kariya ta ƙarshe, amma a gidan nan ta zama wurin tsayawa na kullum.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran ɓoyewa, cajin bai isa ba. Inbatar tana caji a kan amfiya 10, yadda ta fito daga kwali. Batirin 200Ah da aka shanye, a amfiya 10 yana buƙatar fiye da awa 20 kafin ya cika. Wutar ba ta zama haka. Kullum ana sake jan sa yana rabi ko ƙasa da rabi. Batirin dalma in ya sauke wuta, wani sinadari da ake kira salfet yana kwanciya a jikin farantansa. In an yi caji da wuri ya cika, sai ya narke ya koma cikin asid. In aka bar shi kwana da kwanaki, sai ya daskare ya zama ƙwayoyi masu tauri waɗanda caji ba ya narkarwa, kuma duk inda suka rufe ya daina aiki. Tun da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro wannan batir a 1859 halinsa ke nan: yana son a cika shi, a kuma bar shi a cike.

Batirin mota kuwa tun asali ba don wannan aiki aka yi shi ba. Farantansa sirara ne masu yawa, don ya ba da wuta mai ƙarfi ta ƴan daƙiƙu ya tayar da inji, sannan mota ta mayar masa nan take. In aka riƙa shanye shi kowane dare, farantan suna zubewa. Ya fi arha, shi ya sa ake sayen sa, kuma na fahimci wanda aljihunsa ya matsa ya saya. Sai dai kuɗin sun tafi a banza.

Zaɓi da muhawarar da aka yi

Da na gama bayani a zaure, maigidan ya ce, "Kai dai Malam gaya mini wanne zan canza."

Na ce, "Alhaji, duka biyun, kuma rana ɗaya. Amma in ba a canza ɗaki da saiti da abin da ke kan layin ba, gara ka riƙe kuɗinka."

Hanya uku na shimfiɗa masa. Ta farko a sake sayen jel biyu, ba ruwansu da kulawa, amma su ne zafi ya fi yi wa illa. Ta biyu batir mai ruwa irin na tubula, dogayen nan galibi ƙirar Indiya, masu farantai masu kauri da suka fi jure zurfin ja, kuma ana ƙara musu ruwa, wanda a ƙasar zafi babbar fa'ida ce. Sharaɗinsu wuri mai iska da mutumin da zai riƙa duba su. Ta uku litiyom, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4. Guda ɗaya mai bolt 25.6 da 100Ah yana ajiye wat-awa 2,560, ana iya ɗibar kashi 80 zuwa 90 ba tare da ya cutu ba, don haka abin da yake bayarwa ya yi kusa da na baturan dalma biyu manya. Nauyinsa kilo ashirin da ƴan kai, yana caji da sauri, bai damu da a bar shi a rabi ba, masu ƙera shi kuma suna rubuta zagayen caji da saukewa dubu uku zuwa sama. Ga gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan hali na rashin damuwa da cika shi ne babban abin. Shi ma zafi yana rage masa kwana, kuma akwai allon lantarki a cikinsa da ke tsare shi, wanda in ya lalace sai an nemi wanda ya san aikinsa.

Ra'ayina na faɗa masa a fili: da kuɗin na nan, litiyom zan zaɓa. Amma kuɗin da za a ajiye rana ɗaya sun fi yawa, lokacin kuma jarinsa yana cikin hatsi, ga asarar batura uku a baya. Aka tsaya a kan tubula biyu masu 220Ah.

Inda magana ta yi tsawo shi ne firiza. Uwargida tana jin mu daga tsakar gida, ta matso bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, wannan firizar da kake gani ita ke sayen littattafan yara da sabulu. Ka cire fanka in ka ga dama, ita dai ka bar ta."

Maganarta tana da nauyi, ban ɗauke ta da wasa ba. Cikin duk kayan da ke kan layin, firizar ce kaɗai ke shigo da kuɗi. Na ce, "Hajiya, ba raba ki da sana'a za a yi ba. Amma in kika lissafa ribar ƙanƙarar dare da kuɗin batura uku da suka tafi, za ki ga batir ya ci ribar." Abin da na nuna mata shi ne firiza mai murfi a sama, in cike take da ƙanƙara kuma ba a buɗe ta, tana riƙe sanyinta awanni masu yawa ba wuta. Abin da ba ta iyawa shi ne daskarar da sabon ruwa. Saboda haka aka yarda a mayar da ita layin kuran kai tsaye, a riƙa zuba sabon ruwa da zarar wuta ta zo, a daina buɗe ta barkatai in an ɗauke. Ta amince, amma da sharaɗin a yi maganar sola in an samu hali.

Wajen saye na nace a kan abu uku. Baturan su zama kamfani ɗaya, girma ɗaya, kwanan ƙira kusa da juna, kada kuma su wuce wata shida a ajiye, domin batirin dalma yana zubar da wutarsa a zaune, a zafin shago kuma ya fi sauri, sai salfet ya kama shi tun ba a saya ba. Sannan a auna kowanne a gaban mai shago. Sannan a ɗora shi a sikeli. Ƙarfin batirin dalma yana tafiya da yawan dalmar da ke cikinsa, mai 200Ah na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa 65. In ka ga an rubuta 200Ah yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, rubutun ne kawai. Wannan ya yi wa maigidan daɗi, ya sa aka kawo sikelin da yake auna buhunan gero, kowanne ya haura kilo 60. Aka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane batir da tsawon garanti.

Ranar aiki

Kafin a taɓa sifana sai da aka sauya wuri. Tsohon zauren ƙasa yana da katanga mai kauri da ƙananan tagogi biyu a sama suna fuskantar juna. Da rana tsaka na auna, ya fi ɗakin ajiyar sanyi da kusan digiri 10. A lissafin da na kawo a sama wannan kaɗai ya isa ya ninka kwanan batir. Iska ma dole ce, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin a ƙarshen caji, ita kuwa in ta kai kashi 4 cikin 100 a ɗaki tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Aka yi teburin ƙarfe mai ƙafa, aka kewaye shi da raga mai kwaɗo saboda yara, aka bar tazarar yatsu uku tsakanin baturan. Inbata ta dawo zauren ita ma, an kafe ta a bango ta gefe, ba a saman baturan ba, don tururin asid yana cin allonta.

Na ɗauki hoton tsohon haɗin da waya. Aka kashe kayan gida, aka kashe inbata, aka sauke makashin da ke kawo mata kuran. Na cire agogo da zobe, na naɗe hannun sifana da tef. Batir irin wannan in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu yana sakin ɗaruruwan amfiya nan take, sifana ta manne, zobe ya yi ja a yatsa. Baƙar waya ta ragi (−) ake fara cirewa, sai wadda ta haɗa baturan biyu, sai ja ta ƙari (+). Wajen ɗaurawa a juya tsarin, baƙar ta zo ƙarshe.

Kafin a jera sababbin sai da kowanne ya sha caji shi kaɗai har ya cika, don su fara tafiya kai ɗaya. Aka sa waya mai kaurin milimita murabba'i 25, gajera, da kawuna matsattsu, tun da inbatar in ta ɗauki cikakken nauyinta tana jan kusan amfiya 70. Aka sa fiyus mai amfiya 100 dab da kan batir na ƙari. Na duba ja da baƙi da na'urar awo kafin haɗin ƙarshe, domin juya su sau ɗaya ya isa ya ƙone inbata. Ɗan tartsatsin da ake gani wajen taɓa waya ta ƙarshe ba matsala ba ne, inbata ce ke cika cikinta. Aka ɗaure ƙusoshi tam, aka shafa man baselin a kai.

Sai saiti, wanda bai ɗauki minti goma ba amma shi ne rabin aikin. Nau'in batir ya koma mai ruwa. Caji ya tashi daga amfiya 10 zuwa 20, kusan kashi ɗaya cikin goma na girman batir. Wurin yankewa ya tashi daga bolt 21 zuwa 23.6, wanda a irin wannan nauyi yake kusa da rabi. Yanzu in an ɗebi 110Ah, awa bakwai zuwa takwas na kuran sun isa su mayar da shi.

Babbar ƴar gidan, wadda ke makarantar sakandare, ita aka ɗora wa kulawa. Na nuna mata sandunan da ke saman kowane gida, masu tashi da sauka da ruwan ciki. In sun sauka, a jira batir ya cika caji sannan a ƙara tataccen ruwan batir da aka yi da tururi. Ban da ruwan famfo, ban da na rijiya, ban da na leda, duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata farantai. Asid kuma ba a ƙarawa, ruwa ne ke tafiya, asid yana nan. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a sama, don in ta haɗu da danshin asid wuta tana bi ta kai. In farin gari ya fito a kan batir, ruwan kanwa yana wanke shi, amma kada ɗigo ya shiga ciki. In asid ya taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi likita.

Tsofaffin baturan

Wanda aka jefar a bayan ɗaki ya fi damuna. Yara suna hawa kansa suna wasa, wani maƙwabci kuma ya riga ya ce a ba shi ya fasa ya narkar da dalmar. Na roƙi maigidan kada ya yarda. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda dalmar tsofaffin baturan da ake fasawa a cikin unguwa, ƙurarta ta gauraya da ƙasar da suke wasa a kai. Kusa da mu kuma, a Zamfara a 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa a ƙasa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi kamawa. Wanda bai mutu ba ma tana iya rage masa fahimta har girmansa.

Aka mayar da duka ukun ga mai shagon da aka sayi sababbin, a rufe yadda suke, ba a zubar da ruwan ko ɗaya ba, ya rage kuɗinsu daga farashi. Aka kankare ƙasar wurin da na bayan ɗakin ya zauna aka fitar da ita daga gidan.

Yadda ake ciki

A gwajin da aka yi bayan sun cika, da fitilu da fankoki da talabijin, baturan sun yi awa biyar da rabi da ɗoriya kafin inbata ta yanke. Bambancin da ke tsakanin su wajen caji bai wuce bolt 0.1 ba. Yarinyar tana rubuta lambar kowanne a littafi duk ranar Juma'a, da ranar da ta ƙara ruwa, kuma na gaya mata in bambancin ya kai 0.5 ta sa a kira ni. A daren da wuta ta daɗe ba ta dawo ba gidan yana shiga duhu kafin asuba, maigidan ya yi ta tambaya ko za a sauke lambar yankewa kaɗan. Na ba shi shawarar a kashe talabijin da fanka ɗaya da wuri, hakan yana ƙara fiye da awa biyu ba tare da an taɓa saiti ba.

Cinikin ƙanƙara ya ragu a ranakun da kuran ya yi ƙaranci, wannan gaskiya ne, uwargida ba ta ɓoye ba. Firizar tana cin kusan wat-awa 3,000 a yini a lokacin zafi. Allon sola biyu masu wat 400, da irin ranar da muke da ita, suna ba da kusan haka ko fiye kaɗan in ana goge musu ƙura, sai a ƙara na'urar daidaita caji tun da inbatar ba ta da ita. Da wannan firiza za ta yi aiki da rana daga sola, baturan kuma su riƙa cika ko an wuni ba kuran. An riga an auna rufin an ga inda allunan za su zauna, maigidan ya ce a bari sai bayan kaka in ya fitar da wake.